Bayan Idda, Ina Zan Sauke Kayana?

Ranar da iddata ta cika, cikin watan Nuwamba na shekarar 2019, amalanke biyu suka ishe ni kwashe duk abin da na mallaka a duniya: gado da katifa, kwanukan jere, keken ɗinki, da akwatuna 3 cike da littattafan koyarwa. Shekara 11 na yi a ɗakin aure a nan garin Gure. Da mai amalanken gaba ya ja jakinsa zuwa bakin hanya, sai ya waiwayo ya ce da ni: «Malama, ina muka nufa?» Na daɗe tsaye ban ba shi amsa ba. A ƙarshe na nuna masa gidan wata abokiyar aikina, wadda ta yarda in ajiye kaya a zaurenta na kwana biyu.

Shekara 6 na ɗauka kafin in sami cikakkiyar amsar tambayar mai amalanke. Na ga ya dace in rubuta yadda na same ta, domin magana ce da mu malaman makaranta, musamman mata, muke yi cikin raɗa a bakin aji, alhali kuwa ta cancanci a baje ta a faifai. Idan aure ya mutu, kuma mutum yana da ɗan albashi, shin ya kama haya ne, ko ya ci bashin banki ya gina nasa?

Al'ada ta daɗe da yanke hukunci: bazawara gidan ubanta take komawa. Wannan tsari ya rufa asirin mata masu yawa, kuma ba na raina shi. Amma an gina shi ne a zamanin da gidan uba da gona da kasuwa duk suke gari guda. Ni mahaifina ya rasu, gidan gadonmu yana Gidimuni, bisa hanyar Damagaram, kuma ƴan'uwana maza sun cika shi da nasu iyalin. Aikina yana Gure. Babbar ɗiyata, mai shekara 9, ta zauna wurin ubanta kamar yadda dattawa suka daidaita, ƙannenta biyu kuma suka biyo ni. Komawa Gidimuni na nufin in bar aji, in kuma bar yarinyar da nake son in riƙa gani ko da a hanyar lakwal ne. Don haka na shiga neman gidan haya.

A nan na fara sanin cewa kuɗi kaɗai ba su ba mace ɗaki. Gida 4 na shiga, kowane mai gida da tambaya iri ɗaya: «Ina maigidan?» Da na ce babu, sai fuska ta sauya, a ce ɗakin an riga an yi wa wani alkawari. Sai da kawuna ya zo daga ƙauye, ya zauna a zauren wani Alhaji, ya ce: «Alhaji, ɗiyata ce, ni ne wakilinta, duk abin da ya taso ni za a nema», sannan aka miƙo makulli. Ciki da falo ne a gidan da iyali 3 suke zaune, makewayi ɗaya, jika 20 a wata, tare da biyan wata 3 tun kafin shiga. Ƙasarmu tana da dokar haya tun 1996, wadda ta tsara haƙƙin mai gida da na ɗan haya, amma tsakanina da Alhaji babu ko layi ɗaya a rubuce, kuma da na nemi a rubuta da an ce na zarge shi.

Wata 14 na yi a gidan cikin mutunci. Rannan da la'asar Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce: «Malama, ki yi haƙuri, yaron nan zai yi aure bayan salla, ɗakin nan zan ba shi.» Bai zalunce ni ba, gidansa ne. Amma da na koma ɗaki na dubi yarana suna barci, sai na ji irin abin da na ji ranar da aka miƙo mini takardar saki. Karo na biyu ke nan wani namiji ya buɗe baki da kalma ɗaya, rufin da ke kaina ya tashi. Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara. A daren na yi rantsuwa a zuciyata cewa ko da bashi ne sai na gina nawa.

Akwai wani miki da ke ƙarƙashin wannan rantsuwa, kuma dole in faɗe shi. Gidan da na fito daga cikinsa, da gumina aka gina shi. Daga 2012 zuwa 2016 albashina ya sayi siminti, ya sayi kwanon rufi, ya biya magina, shi kuma maigidan nasa albashin yana ɗauke da cefane da hidimar danginsa. Takardar filin kuwa sunansa ne a kai, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba. Da aure ya mutu aka zauna gaban dattawa, sai aka yi mini tambaya mai sauƙi: abin da kika zuba, kyauta ce ko rance? Wa ya shaida? Ba ni da shaida sai Allah. A Nijar, shari'ar aure da saki da gado bisa al'adar masu ƙara ake yin ta, kamar yadda dokar tsarin kotuna ta tanada, kuma daftarin dokar iyali da aka shirya a 1993 bai taɓa zama doka ba. A al'adarmu da addininmu dukiyar mace tata ce, ta miji tasa ce, ba a haɗa su a raba biyu ranar rabuwa. Wannan ƙa'ida tana kare mace idan ta riƙe abinta da sunanta. Idan ta narkar da shi cikin bangon wani, ta tashi a tutar babu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni da nake koya wa yara rubutu, na san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, amma na ga kamar rashin yarda ne in nemi mijina ya sa hannu a takarda. Zan yi masa adalci in ce ya bar ni na cika iddata a ɗakina kamar yadda addini ya ce, abin da mata da yawa ba su samu.

Da wannan zuciya na hau mota zuwa Damagaram a hutun Maris na 2021, tafiyar sama da kilomita 150, domin in gana da masu banki.

Kafin in tafi na tambayi wani tsohon daraktanmu, wanda ya yi ritaya, yadda su suka mallaki gidaje. Ya yi dariya ya ce a zamaninsu akwai Crédit du Niger, bankin da aka kafa tun kafin samun ƴancin kai a 1960 domin ba ma'aikata bashin gini, akwai kuma kamfanin SONUCI mai gina gidaje, amma galibin amfaninsu a Yamai ya tsaya, malamin ƙauye sai dai ya ji labari. Sannan aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin da filaye. Shi ma ya sami nasa, amma yunwa ta sa ya sayar wa dillalai da araha. Gidan da yake ciki yanzu, in ji shi, shekara 17 ya yi yana ɗora tubali bisa tubali. Na saurare shi cikin ladabi, amma a raina ina cewa zamani ya sauya. Ai a 2010 an kafa wani asusu na yankin UEMOA mai mazauni a Lome domin tallafa wa bankuna su ba da bashin gida mai dogon zango, kuma a watan Disamba na 2018 an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a Yamai.

Ma'aikacin bankin da na gana da shi a Damagaram yaro ne mai ladabi, kuma bai ɓoye mini kome ba. Ya ce sharaɗi na farko, albashina ya riƙa biyowa ta wurinsu. Na biyu, abin da za a riƙa cirewa kowane wata kada ya wuce wajen kashi ɗaya bisa uku na albashin. Na uku, in biya inshorar rai, domin in na mutu bashin kada ya hau kan yarana. Na huɗu, wanda ya fi nauyi, in kawo takardar mallakar fili ta dindindin, wadda za a jinginar. Takardar da ma'aikatar magajin gari take bayarwa idan an sayi fili ba ta isa jingina ba, sai an kai ta ma'aikatar filaye an mayar da ita waccan. Ya ce tun 2006 gwamnati ta sauƙaƙa hanyar, har aka laƙaba wa sabuwar takardar suna da Hausa, wato «Sheda». Na yi murmushi da na ji sunan, domin rashin shaida ne ya raba ni da gidan farko, ga shi kuma ita ake nema a ƙofar na biyu.

Sannan muka shiga lissafi, wanda nake roƙon mai karatu ya bi shi a hankali. Magini ya ƙiyasta mini fili da ɗaki biyu da falo na siminti, da katanga da makewayi, a kan miliyan 6 na sefa. Bankin ya ce ruwan kuɗinsa kashi 10 cikin ɗari ne a shekara, wanda bai kai iyakar kashi 15 da dokar UEMOA ta ɗora wa bankuna a 2014 ba. In na ci miliyan 6 na shekara 10, zan riƙa biyan jika 79 da ɗoriya kowane wata, ban da inshora da kuɗin takardu, kuma a ƙarshe na biya miliyan 9 da rabi. Albashina a lokacin jika 165 ne, kashi ɗaya bisa ukunsa jika 55. Da wannan, abin da zan iya samu bai wuce miliyan 4 da kaɗan ba, wato gida ba rufi ko rufi ba katanga, ga hayar da zan ci gaba da biya har a gama ginin.

A cikin motar komawa na ciro alƙalami na yi wani lissafin da bai yi mini ba. Kullum ana ce mana kuɗin haya zubarwa ne. To, hayar jika 20 a wata, cikin shekara 10, miliyan 2 da jika 400 ce. Ruwan da zan ba banki a shekarun nan guda miliyan 3 da rabi ne. Ashe mai cin bashi shi ma ɗan haya ne, sai dai shi kuɗi yake haya, kuma hayarsu ta fi ta ɗakina tsada. Gaskiya ne a ƙarshe shi yana da gida, ɗan haya kuwa ba shi da kome, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma kafin a kai ƙarshen akwai wata 120, kuma a kowane ɗaya daga cikinsu banki yana da ikon da Alhaji yake da shi a kaina. Ga kuma maganar riba, wadda ta hana ni barci. Wani malami ya bayyana mini tsarin murabaha, inda bankin Musulunci yake sayen kayan gini ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko. Hakan ya kwantar mini da hankali ta fuskar addini, amma bai rage nauyin abin da za a cire daga albashi ba.

Wadda ta warware mini ƙullin ba ta taɓa shiga aji ba. Gwaggona ce, mai sayar da dabino da kanwa, wadda ta yi zawarci sau biyu. Na baje mata takardun banki, ta ture su gefe ta ce: «Ɗiyata, ni ban san boko ba, amma na san zuciyar bazawara. So kike ki gina gidan da ya fi nasa tsawo, ya wuce ya gani. In haushi ne zai ci bashin nan, haushin zai huce cikin shekara biyu, bashin kuwa yana nan.» Na ji zafin maganar domin gaskiya ce. Ta ƙara da tambayoyin da ban yi wa kaina ba. In aka sauya mini wurin aiki zuwa Tasker ko Magarya, wa zai zauna a gidan, kuma nawa za a ba ni haya a Gure? In wani aure ya zo, ina za a zauna? In yaro ya kwanta asibiti, daga ina kuɗin magani za su fito, tun da an riga an yanke sulusin albashi? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma mai gudu ba ya duban inda yake sa ƙafa.

Daga nan na daina kallon haya a matsayin abin kunya. Na sake kama wani ɗakin, amma a wannan karo na nemi a rubuta yarjejeniya, da sharaɗin wata 3 na gargaɗi kafin tashi, kawuna da limamin unguwa suka sa hannu. Mai gidan ya yi ɗan gunaguni, sannan ya yarda. Haya ta ba ni abin da nake bukata a lokacin, wato lokacin da zuciya za ta kwanta in ga gabana.

Amma ban yar da niyyar gini ba, sai dai na bi hanyar tsohon darakta da na raina. Mu 10 a cikin malamai mata muka kafa adashi na jika 30 a wata. Ɗaukata ta farko, jika 300, na haɗa da kuɗin ƴan kunnen zinariyata da na tumakina 4 na sayi fili a ƙarshen 2021. Zaɓen fili a Gure sai da ido, domin gari ne da ke tsakanin duwatsu da tuddan rairayi. Wani filin yana da araha domin iskar hunturu tana tara masa yashi har rabin katanga, wani kuma domin ruwa yana kwanciya a cikinsa da damina. Na ɗauki magini tsoho muka zagaya, ya nuna mini inda ƙasa take da ƙarfi. Ranar da na karɓi takarda a ma'aikatar magajin gari na ga sunana da na mahaifina a rubuce, sai da na nemi wuri na zauna. A 2022 na kewaye filin da katangar laka. Bashi ma na ci daga baya, amma ƙarami, miliyan 1 na shekara 3, wanda albashi kaɗai ya tsaya masa, ba tare da na jinginar da filin ba. Da shi na zuba harsashi na siminti na tayar da ɗaki biyu.

Shekaru biyun da suka biyo baya sun gwada wannan shawara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, tsabar kuɗi ta yi wuya a bankuna, farashin abinci ya tashi, har zuwa Fabrairu na 2024 da aka ɗage shi. A watannin nan na dakatar da gini ɗungurungum, kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, domin tubali ba ya bin mutum bashi. Ɗan abin da banki yake cirewa, jika 32, na iya ɗaukarsa. Da jika 79 ne, ban san abin da yarana za su ci ba. Sannan daminar 2024 ta zo da ruwan da ya rushe gidaje a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a ranar 3 ga Satumba, aka kuma ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Katangata ta laka ta zube ta gefen gabas, ɗakunan siminti kuwa suka tsaya. A watan Oktoban nan gwamnati ta rage farashin siminti, na sami damar gyara ɓarnar da ɗaukata ta adashi. A watan Afrilu na 2025 na tare, ba fenti, ba lantarki, ƙofar makewayi kuma zana ce.

Ba zan ce hanyata ita kaɗai ce daidai ba. Wata abokiyar aikina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fili mai cikakkiyar takarda, ta ci babban bashi ta gina gida cikin wata 8, ta ba da ɗaki biyu haya, hayar tana biyan rabin bashin. Ita lissafinta ya fita, domin tana da jingina, tana da wata hanyar shigar kuɗi, kuma ba ta da niyyar barin gari. Ni kuma jinkirina ya ci mini kuɗi: na biya hayar sama da shekara 5, kuma kwanon rufi ya ƙara tsada a hannuna. Akwai kuma ƴan'uwanmu malaman kwantiragi, waɗanda abin da suke samu bai kai su ƙofar banki ba ma, balle su yi zaɓi. Abin da na tabbatar kawai shi ne, shekarar farko bayan mutuwar aure ba lokacin sa hannu a takardar shekara 10 ba ce, ga mace ko ga namiji. Na ga maza ma da suka ci bashi don su yi sabon aure da sabon gida a wata ɗaya, suka ƙare suna ɓuya daga masu kanti.

Ga ƙungiyoyinmu na malamai da na raya al'adu ina da roƙo uku. Mu koya wa ƴaƴanmu mata, tun kafin a kai su ɗaki, cewa rubuta abin da aka zuba a ginin gida ba rashin kunya ba ne, bin umurnin addini ne, kuma yana kare miji kamar yadda yake kare mata. Mu mayar da adashinmu asusu mai rajista da littafi, wanda zai iya tsaya wa bazawara a gaban mai gidan haya idan ba ta da kawu a kusa. Mu kuma gayyaci ma'aikatan filaye da na banki su zo tarukanmu su yi bayani da Hausa da Barbarci, domin yawancinmu ba mu san bambancin takardar sayen fili da takardar mallaka ba sai ranar da muka bukace ta.

Babbar ɗiyata yanzu tana da shekara 15, takan zo ta kwana wurina ranar Alhamis da yardar ubanta. Kwanan baya ta ga ina adana takardar filin cikin leda a ƙasan akwati, ta ce: «Inna, wannan wace takarda ce kike ɓoyo haka?» Na ciro na miƙa mata, na ce ta karanta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. Da ta kai kan sunana sai ta tsaya ta dube ni, sannan ta ci gaba da karatu. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba kowane mai nema inda zai sauke kayansa.